Gwani Sai Ya Iya Sauka

Idan kaka ta yi a ƙasar Dandi, aka kai dammunan gero rumbu, aka shiga bugun shinkafa a fadamun bakin kogi, to ganga ba ta daɗewa ba ta yi kira ba. A Tanda da ƙauyukan da ke kewaye da ita, tun daga wajen Gaya har Albarkaize, lokacin kokowa ke nan. Ciki ya cika, jiki ya murmure daga wahalar damina, samari na neman inda za su gwada ƙashi. A share fili, a baza rairayi, jama'a su yi da'ira: yara a gaba sun durƙusa, mata da 'yan mata a gefe guda, dattawa bisa tabarmi. Badande da Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani, kowa da harshen da yake ihu da shi.

Abin lura shi ne inda kowa ke ajiye idonsa. Yaro yana kallon ƙirji da damtse, da layun da aka ɗaura, da yadda gwani ke taka rawa yana kirari a gaban makaɗa. Tsohon ɗan kokowa kuwa, wanda ciwon gwiwa ya riga ya raba shi da fili, idonsa yana ƙasa. Yana duba yadda yatsun ƙafa ke nutsewa cikin rairayi, da tazarar da ke tsakanin ƙafar dama da ta hagu, da wajen da nauyin jiki ya koma sa'ad da aka sarƙe. Kafin taro ya ankara ya riga ya san wanda zai sha ƙasa, domin ya ga diddigen da ya ɗaga ba da son mai shi ba. Za ka ji ya ce wa na kusa da shi, "Wancan yaron akwai ƙarfi, amma ba shi da ƙafa."

Sau da yawa maganarsa ce ke tabbata. Ƙaƙƙarfan saurayi ya sunkuci abokin karawarsa ya yi sama da shi, fili ya ɗauki sowa, 'yan mata su saki guɗa, maroƙi ya fara jero kirari tun ba a gama ba. Wajen direwa sai na sama ya sarƙafo masa ƙafa, ko nauyin ya rinjaye shi, ka ga wanda ya yi ɗauka shi ne ya fara taɓa ƙasa. Da dare, in ɗan gidansa ne abin ya faru da shi, tsohon ba zai yi masa faɗa ba. Zai bari ya ci tuwo, sannan ya ce, "Ɗana, ka ɗauke shi, na gani, kowa ma ya gani. To da ka ɗauke shi, ina ka ajiye ƙafarka?"

Wannan tambaya ta wuce filin ƙauye. Ita ce ke mulki har a babbar kokowar ƙasa, wadda ake yi don takobi. An fara ta a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché, kuma Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. Yanzu jihohi 8 ne ke haɗuwa, Agadas da Difa da Dosso da Maraɗi da Tawa da Tilaberi da Damagaram da Yamai, kowace da 'yan kokowa 10. Dokar neman takobi ba ta da sassauci: wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga sahun masu nema, ko da ya kayar da mutum biyar kafin nan. Ana zuwa da mutum 80, kowace rana a ƙidaya waɗanda ba su taɓa ƙasa ba, adadin yana raguwa har ya koma biyu, sannan ɗaya. Sarkin kokowa shi ne wanda aka kasa raba ƙafarsa da ƙasa tun ranar buɗewa har ranar rufewa.

Mutanen jihar Dosso sun san daɗin wannan sarauta. Tun a shekarun farko Salma Ɗan Rani ya kawo musu takobi, shi ya sa filin kokowar birnin Dosso ke ɗauke da sunansa. A zamaninmu kuma Kadri Abdu, wanda duniya ta sani da Isaka Isaka, ya yi abin da ba a taɓa yi ba: ya ɗauki takobi sau 6. Uku na ƙarshe a jere suka zo, a Yamai da Difa da Agadas, kuma a na Agadas, cikin Disamban 2023, Aibo Hasan na Maraɗi ya kayar a karon ƙarshe. A waɗancan ranaku, daga Tanda har Dogon Dutsi, duk inda aka kunna rediyo ko talabijin za ka tarar da cincirindo, kasuwa kan yi sanyi har sai an busa. Sai ga Disamban 2024, kokowa ta zo gida Dosso, a filin Salma Ɗan Rani, gaban dangi da masoya, takobi kuma ya tafi Tawa a hannun Abba Ibro. Wannan bai rage komai daga abin da Isaka ya yi ba. Ya dai tuna mana abin da kakanni suka faɗa, cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

A can ƙasashen sanyi akwai wani wasa da aka gina shi kacokan a kan wannan gaskiya. Shi ne tsallen zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda ya samo asali a ƙasar Norwe, kuma yana cikin wasannin Olamfik na hunturu tun 1924. Mutum zai ɗaura wasu dogayen katakai sirara a ƙafafunsa, waɗanda suka fi shi tsawo, ya hau can ƙololuwar wani gini mai gangara, ya zauna bisa sanda yana jiran a ba shi izini. Da ya saki, sai ya tsuguna ya miƙa hannuwa baya, ya sulalo da gudun da ya kai kilomita 90 a awa. A bakin gangarar yana da ƙiftawar ido guda ya miƙe ya cilla kansa. In ya yi gaggawa ya lalata tsallen, in ya makara ma haka. Daga nan sai ka gan shi a sararin sama, ya kwanta bisa iska, ya buɗe kan katakan gaba ya haɗe bayansu, tudu yana gudu a ƙarƙashinsa. 'Yan daƙiƙoƙi ne kawai, amma yaro kan shafe shekara goma yana koyonsu.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka wanda ya fi nisa shi ya ci. Nisa kashi ɗaya ne na maki. Akwai alƙalai 5 a wani ɗaki a gefen tudun, kowanne yana iya ba da maki har 20, a jefar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a tara na ukun da suka rage. Suna duba natsuwar jiki a sama, amma inda suka fi sa ido shi ne dira. Ana so mutum ya sauka da ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannuwa a buɗe, salon da ake kira da sunan Telemark, wani yanki na Norwe. Bayan ya dira kuma sai ya ci gaba da sulalawa a tsaye har ya wuce wani layi da aka shata. In hannunsa ya shafi ƙanƙara an rage masa, in ya faɗi an zabtare masa maki mai yawa.

A ranar 15 ga Fabrairun 2015, a tudun Vikersund na Norwe, wani ɗan Rasha mai suna Dmitry Vassiliev ya yi tsallen mita 254. Har ranar ba a taɓa ganin ɗan Adam ya kai nan ba. Amma ya kasa tsayawa, ya faɗi wajen dira. A wannan rana, a wannan tudu, Anders Fannemel ɗan Norwe ya yi mita 251.5 ya sauka a kan ƙafafunsa. Na Fannemel aka rubuta a matsayin bajintar duniya. Na Vassiliev, duk da ya fi da mita biyu da rabi, ba a ƙidaya shi ba, domin ƙa'idar wasan ta ce tsallen da ba a tsaya a ƙarshensa ba bai shiga littafi. Da za a kai wa tsohon nan na Tanda wannan labari, ba zai yi mamaki ba ko kaɗan.

Saukar da ta fi wuya ita ce ta ƙarshe, wadda ake yi daga ɗaukaka zuwa zaman gida. Matti Nykänen na ƙasar Finlan yana cikin manyan gwanayen da wannan wasa ya taɓa samu. Ya ci zinare a Olamfik na Sarajevo a 1984 yana ɗan shekara 20, ya ƙara guda 3 a Calgary a 1988, ya lashe wasa 46 a gasar kofin duniya. Ƙasarsa ta ɗauke shi kamar ta haɗiye don so. Da ya bar tsalle, sai rayuwa ta kwance masa. Giya ta kama shi, aure ya yi ta mutuwa, dukiya ta zube, har aka ɗaure shi a 2004 saboda raunata wani da wuƙa. Jaridun da suka yi ta buga hoton zinarensa su ne suka koma cin kasuwa da labarin tuntuɓensa. Ya rasu a Fabrairun 2019 yana da shekara 55. Duk mai tausayi zai ji ciwon wannan labari, domin tun yana yaro aka koya masa yadda ake dira daga tsallen da ya haura mita ɗari, ba a samu wanda ya koya masa yadda ake wayar gari ba tare da tafi ba.

Noriaki Kasai na Japan ya bi wata hanya. An haife shi a 1972, ya fara zuwa Olamfik a 1992. A 1998, da wasannin suka zo ƙasarsa, a Nagano, ba a sa shi cikin mutum huɗun da suka yi wa Japan tsallen ƙungiya ba, kuma su ne suka ci zinare yana gefe yana kallo. Wani da ya ajiye katakan ke nan cikin fushi. Shi ya koma horo. Sai a 2014, a Sochi, yana da shekara 41, ya samu azurfa ta ƙashin kansa a babban tudu, yana karawa da yaran da ba a haife su ba lokacin da ya fara. Ya je Olamfik sau 8, ya kuma ci gaba da shiga gasa bayan ya haura shekara 50. Bai kai Nykänen yawan zinare ba. Abin da ya mallaka shi ne iya karɓar kaye, ya karkaɗe jiki, gobe ya dawo.

Wannan hali muna da shi a tsarin kokowarmu, sai dai ba mu cika yaba shi ba. Wanda aka kayar ranar farko a kokowar takobi ba ya naɗe kaya ya koma gida. Gobe zai sake ɗaura walki ya shiga fili saboda jiharsa, alhali ya san takobi ya riga ya wuce shi a bana. Sau da yawa ma irinsu ne ke kayar da waɗanda ake ganin ba a iya taɓa su. A wurina, mutumin da ya fito da safen da ya biyo bayan kayensa, ya gai da jama'a, ya kama kokowa da zuciya ɗaya, ya nuna jaruntakar da ba ta gaza ta mai takobi ba. Haka nan wanda ya yi kaye ya miƙa hannu ya tada abokin karawarsa ya rungume shi: ya san duniya rawar 'yan mata ce, na gaba kan koma baya.

To mu da ba 'yan kokowa ba, mu da ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, ina ruwanmu? Ruwanmu yana nan a bakin kogin Isa. Da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a 2023, sai mutane da kaya suka koma ƙetarewa ta ruwa. Masu jirage, da masu dako, da 'yan kabu-kabu, da masu sayar da abinci a bakin gaɓa, da yawansu sun riƙe kuɗin da ba su saba riƙewa ba. Gumi ne, ba wanda zai yi musu hassada. Amma kasuwar da wani yanayi ya kawo, in yanayin ya juya tafiya take yi. Saurayin da ya mai da ribarsa ta zama saniya, ko gonar shinkafa, ko injin ban ruwa, ko ya biya wa ƙanensa makaranta, ya tanadi inda zai sa ƙafa. Wanda ya mai da ita waya ta uku da ɗinkin kowane mako da liƙi a wurin biki, shi ma sama yake, ana masa sowa, sai dai bai duba ƙasa ba. Haka abin yake ga ɗan ci-rani da ya dawo daga Kwatano ko Legas da jaka cike, da ɗan kasuwar da harkar kan iyaka ta buɗe masa, da wanda aka ba kujera yau ya daina amsa sallamar abokan wasansa na ƙuruciya. Ba a yaba wa mai jirgi a tsakiyar kogi, sai ya kai mutane da kayansu gaɓa.

Kada a fahimce ni da cewa ina hana yaro buri. Wanda bai ɗauka ba ba ya kayarwa, wanda bai saki sandar can sama ba ba shi da tsallen da za a auna. Ƙasarmu tana bukatar samari masu zuciyar neman takobi, a fili da gona da makaranta da kasuwa. Abin da nake cewa shi ne a haɗa darasin biyu tun farko. Masu koyar da tsallen ƙanƙara ba sa kai yaro babban tudu sai ya ƙware da dira a ƙarami. Tsofaffinmu ma, kafin su koya wa yaro dabarar ɗauka, sai sun tabbatar ya iya tsayuwa. Mu ne muka zo muka raba su, muna tambayar yaro nawa ya samu, ba ma tambayarsa nawa ya ajiye, muna yi wa mutum barka da hawa kujera, ba mai tuna masa ranar miƙa ta.

Akwai kuma hakkin da ya rataya a wuyan masu kallo. Gwani ba ya hawa shi kaɗai. Mu ne muke masa kirari, mu ne muke liƙa masa kuɗi a goshi, mu ne muke cika ƙofar gidansa ranar da ya dawo da doki da takobi, kowa da bukatar da ya zo da ita. Ranar da gwiwa ta ƙi, kafaɗa ta goce, sabon yaro ya fito, ƙofar gidan kan zama wayam. An kyauta da aka sa wa filaye sunayen mazan jiya: Salma Ɗan Rani a Dosso, Kantu a Maraɗi, Langa-Langa a Damagaram. Amma a bayan kowane suna da aka rubuta a ƙofar fili akwai ɗimbin 'yan kokowar da sunansu bai wuce gundumarsu ba, waɗanda suka ba mu nishaɗi shekara da shekaru, yanzu suna fama da ciwon baya da na gaɓoɓi. Tsohon da ke zaune bisa tabarma yana karanta ƙafafun yara yana cikinsu, kuma ilimin da ke kansa ba a rubuce yake ko'ina ba.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Duk garin da ya iya tara kuɗin kiran makaɗa da sayen kyaututtukan kokowar kaka zai iya ware wani kaso domin maganin wanda ya ji rauni a fili da kuma tsofaffin da suka yi zamaninsu. Masu shirya wasa su ba tsofaffin 'yan kokowa aikin horar da yara da alƙalanci, a biya su ladansu a bainar jama'a, yara su ga cewa bayan fili akwai mutunci. Iyaye da iyayen gidan ɗan wasa su zaunar da shi tun yana ganiyarsa, a raba abin da ya samu: wannan na ci, wannan na gona ko dabba, wannan na koyon sana'a. Maroƙa da 'yan jarida su ma su riƙa ambaton wanda ya bar fili da girmansa, kamar yadda suke ambaton wanda ya shigo da ƙarfinsa.

Kai kuma saurayi, ko ɗan kokowa ne kai, ko mai jirgi, ko ɗalibi, ko mai riƙe da wani muƙami, lokacin da ake maka tafi shi ne lokacin shirin sauka, domin a lokacin ne kake da ƙarfi da kuɗi da masu sauraronka. In ka bari sai ƙafa ta fara rawa, ka makara. Ka gai da waɗanda ka wuce a hanya, ka ajiye wani abu daga samun yau, ka koyi aikin da hannunka zai iya yi bayan ƙarfi ya tafi, kuma ranar da wani ya fi ka, ka miƙa masa hannu da fuska a sake. Allah ya ba mu ɗaukaka mai amfani, ya sa mu gama lafiya.